Ɗingishin da Babu Rauni: Karnukan Gadi a Oyingbo da Mutanen da Ke Kula da Su

Ƙasar Oyingbo a Legas ba ta raga wa tafin ƙafa. Tashi daga bakin babbar kasuwar da aka buɗe sabon gininta a 2015, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ka gangara Iddo inda manyan motoci ke sauke buhunan wake da hatsi daga Arewa, ko ka kutsa cikin Ebute Metta ta Titin Kano da Titin Jebba, ko ka nufi bakin ruwa wajen Oko-Baba inda masu yankan katako suka shekara da shekaru. Abin da za ka riƙa tsallakewa bai canza ba: fasassun kwalabe, ƙusoshi masu tsatsa, yankakken kwano, guntayen waya, baƙin man makanikai, sai ruwan kwata da ke malalowa kan titi da zarar damina ta kankama a watan Yuni. Mutum dai yana da takalmi. Kare kuwa da fatarsa yake taka duk wannan, shi ya sa idan ya wayi gari yana ɗingishi ba wanda ke mamaki. A ɗaga ƙafar, a ga ƙusa ko yanka, a wanke, magana ta ƙare.

Wanda ke ɗaure kai shi ne ɗaya ɗingishin, wanda za a juya ƙafar ciki da bai ba a ga jini ba, ba a ga kumburi ba, kuma ba wanda ya ga karen ya faɗi ko an buge shi. A kansa ne ake yawan tafka kuskuren da ke nakasa dabba, wani lokaci ma ya jefa ran mutum cikin haɗari.

Mai karatu a Kano ko Katsina zai iya cewa, ina ruwan Bahaushe da karen gidan wani a Legas? Ruwansa kuwa da yawa. Hausawa sun riga jirgin ƙasa zuwa Ikko, wato Legas, amma layin dogon da ya haɗa ta da Kano a 1912 ya ƙara yawansu ƙwarai, kuma Iddo da Ebute Metta, inda hedikwatar hukumar jiragen ƙasa take har yau, su ne suka zama ƙofar shigowa. Cikin sana'o'in da 'yan ci-rani suka riƙe gam akwai gadi. A gidaje da shaguna da ɗakunan ajiyar kaya da yawa, tun daga nan har Agege da Idi-Araba da Obalende, mutumin da ke bakin get ɗan Arewa ne ko ɗan Nijar, kuma karen gidan a hannunsa yake. Shi ke buɗe keji bayan lisha, shi ke mayar da karen da asuba, shi ke zuba abinci, shi ke wanke kashi. Mai karen na iya yin mako guda bai shafa kansa ba. Idon da ke fara ganin ɗingishi, idon maigadi ne.

Sai dai mai gani ba shi ke da iko ba. Karen nan an sayo shi da kuɗin da ya ninka albashinsa, don haka abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne za a ce shi ya doke shi, ko shi ya bar get a buɗe, a zaftare masa kuɗin wata. Idan mai gida ya tambaya, amsar ba ta wuce, “Wallahi Oga, lafiya lau ya kwana.” Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Daga nan wani sai ya ja bakinsa ya tsuke yana fatan abin ya wuce, wani kuma ya leƙa kemis ya sayo maganin ciwon jiki irin na mutane ya cusa a cikin teba. Tsoron zargi ne ke haifar da duka biyun, kuma karen ne ke biya.

Wace ƙafar ce ma tukuna?

In dai karen bai ɗage ƙafar sama ɗungurungum ba, gane wadda ke ciwo ma aiki ne. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, sauran 40 a na baya. Likitocin dabbobi kai suke fara kallo. Idan ciwon a gaba yake, kan karen yana ɗagowa a daidai lokacin da ƙafar mai ciwo ta taɓa ƙasa, ya sunkuya idan lafiyayyar ta taka. Mutane da yawa suna juya lissafin, su kama lafiyayyar ƙafa suna ta murza. Idan a baya ne, sai a tsaya a bayansa a dubi ƙugu yayin da yake tafiya: ɓangaren da ke ciwo ya fi hawa da sauka, takunsa kuma ya fi gajarta.

Wayar da ke aljihun maigadi tana da amfani a nan fiye da yadda ake zato. Kare yakan ɓoye ciwonsa a baƙon wuri, tsoro ya sa ya taka ƙafar a gaban likita kamar ba komai. Bidiyon minti ɗaya, an ɗauka daga gefe sannan daga baya, yana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, ya fi dogon bayani. Sauran abin da likita zai tambaya ma maigadi ne ya sani. Farat ɗaya abin ya zo, ko a hankali? Da safe ya fi tsanani idan ya tashi daga kwance, ko bayan ya yi gudu? Ƙafa ɗaya ce kullum, ko yana canzawa? Yana cin abinci? Zazzaɓi kuwa ba a gane shi da tafin hannu, domin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya, ya ɗara na mutum.

Akwai wani cikas da ba a cika faɗa ba. Masu gadi da yawa suna kula da kare ne daga nesa, suna tura masa kwano da sanda, saboda ƙyamar taɓa shi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Buhari da Muslim. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, safar hannu ta roba ta wadatar, mai gida ne kuma ya kamata ya saya. Ƙafar da ba a taɓa ba dai ba a duba ta ba.

Kafin hannu ya kai gare ta, a sa takunkumi, ko a ɗaure bakin da tsumma mai laushi a zagayo da shi bayan kunnuwa. Kare mai jin zafi yana cizon wanda ya rene shi. Mutum biyu ake so, ɗaya ya riƙe kai yana yi masa magana, ɗaya ya duba da tocila ko da rana ce. A fara da farce, a ɗan matsa kowanne, don farcen da ya tsage daga tushe ba ya nuna komai a waje amma yana da raɗaɗi sosai. Akwai wani ɗan farce can sama ta cikin ƙafa wanda ba ya taɓa ƙasa. Tun da ba ya goguwa, yakan yi tsawo ya lanƙwashe ya huda nama, gashi ya rufe wurin. Sannan a ware yatsu ɗaya bayan ɗaya. Nan ne maɓoya: ɗan tsinin kwalba, sartsen katako, kaskar da ta sha jini ta yi fam, ko fatar da ta yi ja ta jiƙe saboda karen yana kwana a kan simintin da fitsari ya kwanta. A dubi tafin ma, domin kwalta da dandamalin siminti na tsakar rana a watan Maris suna iya ƙona shi ya saɓule.

Wani ƙurji kuma mutanen Kudu sun san shi sarai. Wani ƙuda da ake kira tumbu ne ke jawo shi, yana zuba ƙwai a ƙasa mai yashi da fitsari ko kashi ya jiƙa, ko a jikin tsumma mai laima da ke inuwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda fata ta zauna, cikin kwana 8 zuwa 12 ta ƙoshi. Abin da ido ke gani ɗan maruru ne mai ƙaramin rami a tsakiya yana tsattsafo da ruwa. Ka zuba ido sosai za ka ga wani abu yana motsi a bakin ramin, ta nan take shaƙar iska. 'Yan kwikwiyo sun fi kamuwa, a ciki da ƙafafu. Idan aka toshe ramin da man basilin, tsutsar takan yunƙuro neman numfashi, sai a matsa a hankali ta fito sukutum. Fashe ta a ciki shi ke kawo ruɓa. Jiga ma tana shiga tafin kare yadda take shiga na mutum, kuma wani bincike da aka buga a 2007 ya same ta da yawa a jikin mazauna wani ƙauye na yankin Badagry, cikin wannan jiha ta Legas.

Idan tafi ya fita daga zargi

Karen gargajiya irin na mafarautanmu siriri ne mara nauyi. Karnukan gadin Legas na yanzu kuwa galibi baƙi ne: Alsatian na Jamus, Rottweiler, Boerboel na Afirka ta Kudu, da Caucasian mai gashi buzu-buzu ɗan asalin duwatsu masu ƙanƙara. Manya ne, wasu sun haura kilo 50, suna girma da sauri, kuma kowane iri yana tafe da lalurar da ya gada. Saboda haka shekarun kare da irinsa rabin amsa ne.

Idan matashi ne, tsakanin wata 5 da wata 18, yau yana ɗingisa ƙafar dama ta gaba, bayan mako biyu ta warke ta hagu ta ɗauka, likita yakan fara tunanin wani kumburi da ke tasowa a cikin ɓargon dogayen ƙasusuwa lokacin girma. Alsatian ya fi kowa yin sa. Yana da zafi, amma yakan wuce da kansa idan girma ya tsaya.

Wanda ba ya wucewa da kansa shi ne na abinci, kuma a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mayankar Oko-Oba a Agege, inda Hausawa da dama ke neman abincinsu, tana fitar da tumbi da huhu da hanta da guntayen nama, kuma mai kare yana ganin ya yi wa kwikwiyonsa gata idan ya cika masa kwano da su a kan teba ko shinkafa. Amma tsoka da kayan ciki suna da sinadarin fosfuros da yawa, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan, alhali ƙashin da ke girma yana son su kusan kunnen doki, kalsiyam ya ɗan ɗara. Jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin cikin jini ya sauka, don haka sai ya riƙa zaro shi daga ƙashi. Cikin 'yan watanni ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, kwikwiyon ya ƙi tashi, ɗan tsallen da zai yi daga kan matakala ya tsaga masa ƙashi. Sai a ce maigadi ne ya taka shi. Gyaran da wasu ke yi kuma ya zama wata ɓarnar, domin sukan sayo ƙwayoyin kalsiyam su riƙa ɗura wa kwikwiyon babban iri wai don ƙashinsa ya yi kauri. Hanjin kwikwiyon da bai kai wata 6 ba bai iya tace rara ba, shanyewa yake yi, kuma yawan yana dagula yadda guringuntsi ke rikiɗa ya zama ƙashi. Abincin da aka auna don 'yan kwikwiyon manyan iri, ko haɗin gida da likita ya tsara, shi ne mafita, ba ƙiyasin ido ba.

Sai gadon kwatangwalo. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne da ya kamata ya zauna daram a cikin kwarminsa. A wasu karnuka kwarmin bai yi zurfi ba, kan yana wasa a ciki yana cinye guringuntsi sannu a hankali. Wani likitan dabbobi a birnin Boston na Amurka, Gerry Schnelle, shi ya bayyana wannan lalura a 1935, a 1966 kuma aka kafa gidauniya a Amurkan da ke tantance hoton ƙugun karnuka don masu kiwo su san wanda bai kamata a haɗa shi barbara ba. A cinikin kwikwiyo na Legas, wanda yanzu da yawansa a Instagram da WhatsApp yake ci, girman kai da faɗin ƙirji mai saye ke dubawa. Sai karen ya shekara a ga yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle da su tare idan yana gudu, yana shan wahalar tashi, cinyoyinsa sun tsotse kafaɗu sun yi kauri.

A babban kare kuwa, idan ƙafar baya ce kuma ba a ga dalili ba, abin da ya fi yawa shi ne jijiyar gwiwa. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, ta gaban ita ke hana ƙashin ƙauri zamewa duk lokacin da aka taka. Masu kallon ƙwallo sun san ta, ita ce ke zaunar da ɗan wasa wata shida ko fiye. Amma ta ɗan wasa takan tsinke ne farat ɗaya. Ta kare yawanci lalacewa take yi zare-zare, wata da watanni, har ranar da zai juya da sauri don ya yi wa mai tura baro haushi a bakin get, sauran zaren ya katse. Ba wanda ya ga hatsari domin ba a yi hatsarin ba. Irin wannan kare yana taɓa ƙasa da ƙarshen yatsu kawai, idan ya zauna ba ya naɗe ƙafar sai ya miƙar da ita gefe, kuma daga baya cikin gwiwar yakan yi kauri. Ciwon yana da yaudara: bayan mako ɗaya ko biyu ɗingishin yana raguwa, kowa ya ce ya warke, alhali gaɓar tana nan tana gurzar kanta, amosanin gaɓa yana kafuwa. Likita da hannu yake ganewa, ya riƙe cinya ya tura ƙauri gaba ya ji ko zai zame, wani lokaci sai an yi wa karen allurar barci. Ƙaramin kare na iya samun sauƙi da hutu kaɗai. Babba yawanci sai tiyata, kuma hanyar da ta fi shahara a yau ita ce wadda wani likita Ba'amurke, Barclay Slocum, ya bayyana a 1993, inda ake yanke kan ƙashin ƙauri a juya shi a ɗaure da ƙarfe.

Zaman gidan Legas yana ƙara wa duk waɗannan nauyi. Kare ya wuni a kejin da da ƙyar yake juyawa, da dare a sake shi ya fita a guje a kan tayil mai santsi, tsokar da za ta riƙe gaɓa ba ta ƙarfafa ba. Ga ƙiba, wadda masu kare ke alfahari da ita. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan karnuka 48 'yan irin Labrador, aka buga sakamakonsa a 2002, ya nuna waɗanda aka rage wa abinci da kashi ɗaya cikin huɗu sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓa kuma ya makara wajen kama su. Idan ka shafa gefen kare ba ka ji haƙarƙarinsa ba, abincin ya yi yawa.

Ƙananan karnukan falo nasu daban ne: ƙoƙon gwiwa ke gocewa, karen ya ɗage ƙafa taku biyu ko uku, ya girgiza ta, ya ci gaba. Tsohon kare da ke tashi a sandare ya warware bayan ya ɗan zagaya, amosanin gaɓa ne galibi. Wanda ke jan ƙafa har saman farcensa ya goge, ko yake taka bayan tafin bai sani ba, a ƙashin baya za a nemi matsalarsa. Kumburi mai tauri kusa da wuyan ƙafar gaba ko kusa da gwiwa a babban kare mai shekaru, wanda zafinsa kullum ƙaruwa yake, yana buƙatar hoton ƙashi ba tare da jinkiri ba, domin ta nan sankarar ƙashi ke fitowa.

Lokacin da ciwon ba a ƙafar yake ba

Kaskar kare mai launin ƙasa ba ta buƙatar daji. A tsagar bango da ƙarƙashin katakon keji take zama, mace ɗaya ta zuba dubban ƙwai, kuma ɗumin Legas bai ba ta hutu a kowane wata. Tana ɗauke da ƙwayar cutar Ehrlichia canis, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, ta kuma yi ƙaurin suna bayan ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam, galibinsu Alsatian. Mako ɗaya zuwa uku bayan cizo sai zazzaɓi da kasala da ƙin abinci, wani lokaci haɓo, wani lokaci gaɓoɓi su yi tsami karen ya riƙa tafiya a ɗarare yana canza ƙafa. Gwajin jini ke tabbatarwa, maganin kuma kwana 28 ake sha. Masu tsayawa a kwana 5 don kare ya fara cin abinci suna barin cutar ta kwanta ne, ta dawo da muni. A ɗaga leɓe a dubi dasashi: idan ya yi fari fat, ko fitsari ya yi duhu, jinin ne ke ƙarewa.

Inda kasuwa take, ɓera yana nan, inda ɓera yake kuma akwai mai sayar da gubarsa. Wata gubar ɓera hana jini daskarewa take yi, kuma ba ta nuna kanta sai bayan kwana 3 zuwa 5. Jini na iya tsiyaya a cikin gaɓa ko tsoka, alamar farko ta zama ɗingishi kawai, a lokacin da kowa ya manta an zuba magani a bayan ɗakin janareta. Tana da makari, wato bitamin K1, in an kai da wuri. Fitsarin ɓera a ruwan da ya kwanta bayan ambaliya shi ma yana ɗauke da wata cuta da ke sa ciwon tsoka da zazzaɓi kafin ta taɓa ƙoda da hanta, kuma tana kama mutum. Wanka da fiya-fiya da wasu ke yi wa kare don kashe kaska kuwa yana kawo karkarwa da dalalar yawu da mutuwar jiki.

Akwai ɗaya da ba na son kowa ya karanta wannan bai riƙe ba. Yawancin ɗingishi ba shi da alaƙa da haukan kare, amma haukan kare na iya farawa da ɗingishi. Iri biyu ne. Wanda kowa ya sani shi ne mai faɗa da cizon duk abin da ya gitta. Ɗayan shiru yake zuwa, da shanyewar jiki, sau da yawa daga ƙafafun baya ko ƙafar da aka ciza. Cizon na iya kasancewa makonni da suka wuce, a faɗa da wani karen bola ta ƙarƙashin get, ya warke ba tabo. Karen ya fara tangaɗi yana jan ƙafa, sannan muryar haushinsa ta canza, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba. A nan ne mai tausayi ke zaton ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya zura hannu ya ciro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Karen da ba a yi masa rigakafi ba, ya haɗa raunin ƙafa da canjin hali, a kulle shi a kira likita, kada a taɓa bakinsa. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, ba sai ya jira sakamakon kwana 10 da ake sa ido a kan karen ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka tana kuma gwada ƙwaƙwalwar waɗanda ake zargi. Ana fara allurar tun kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Duk wanda za a danƙa wa kare yana da haƙƙin ya ce, “Oga, ina katin allurarsa?” tun ranar da ya kama aiki.

Kemis ba asibitin dabbobi ba ne

Magungunan ciwon jiki da muke haɗiya ba tunani, irin su ibufurofen da diklofenak, suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda, da adadin da mutum ba zai ji komai ba. Alamar ita ce amai da baƙin kashi, kwana biyu ko uku bayan ɗingishin ya lafa kowa yana murna. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake taɓawa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Akwai masu yawo gida-gida da jaka suna kiran kansu likita, suna dankara wa kowane kare allura iri ɗaya. Hukumar kula da aikin likitocin dabbobi ta Najeriya ce ke yi wa na gaskiya rajista, kuma tambayar mutum shaidarsa ba rashin kunya ba ne. Ɗaure ƙafa tamau da roba ko karare shi ma yana tsayar da jini, ƙafar ta mutu a cikin ɗaurin.

Abin da za a yi a gida kaɗan ne. Idan karen yana taka ƙafar, yana ci, yana walwala, a hana shi gudu da tsalle, a fitar da shi da igiya don bayan gida kawai, a shimfiɗa masa wani abu a kan tayil, a ba shi kwana biyu. Bai sauƙaƙa ba, sai likita. Idan kuwa ba ya taka ta sam, ko tana reto, ko ta kumbura ta yi zafi, ko ya ƙi abinci, ko ƙafafun baya biyu sun saki, ba a kwana. Gwamnatin jiha tana da asibitin dabbobi a Oko-Oba, akwai kuma masu zaman kansu a sassan gari. Aikin da ya gagara akan tura shi asibitocin koyarwa na jami'o'in Ibadan da Abeokuta, kamar yadda a Arewa ake dosar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mutum na iya hawa jirgin Red Line, wanda ya fara jigila a 2024, daga tashar Oyingbo ya sauka Agege, amma kare mai kilo 50 da ba ya iya tsayuwa sai an yi masa shatar mota, an ɗauke shi a cikin bargo mutum biyu sun kama. Kuɗin motar da na hoto da na gwaji duk a wuyan mai karen suke. Ya kamata kuma ya tafi da maigadin, tun da shi ke da amsoshin, ya kuma gaya masa tun farko a fili cewa kawo rahoton ciwo ba zai taɓa albashinsa ba.

Bayan tiyatar gwiwa, kare yana buƙatar aƙalla mako 8 ba gudu ba tsalle kafin ƙashi ya haɗe, wato gidan sai ya nemi wata dabarar tsaron dare na wata biyu. A wannan lokaci lafiyayyar ƙafar ce ke ɗaukar nauyin duka biyun, ita ma a riƙa sa mata ido. Kusan rabin karnukan da jijiyar gwiwa ɗaya ta tsinke musu, ta ɗaya gwiwar takan biyo baya, sau da yawa cikin shekara ɗaya ko biyu.